Kafin ka zaɓi sana'a, tambayi lokacin da za ta bar maka

Idan matashi a Anka, Gummi ko Bukkuyum ya kammala sakandare, tambaya ɗaya ce ke jiran sa a gida da majalisa: wane aiki ne ya fi kawo kuɗi? Tambaya ce mai kyau, domin babu wanda ke cin tuwo da sha'awa. Sai dai akwai ta biyu wadda ba a cika yi ba, kuma a ganina ita ce ke raba wanda zai ji daɗin rayuwarsa da wanda zai tsufa yana cizon yatsa: wannan aikin, wane lokaci zai bar mini?

A ƙasashen da ke kewaye da tsaunukan Alps, irin su Faransa, Ostiriya da Suwizalan, masu son wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara sun daɗe da sanin wannan lissafi. Kakar wasan takan fara ne daga Disamba zuwa wajen Afrilu, don haka wanda ya ɗauke shi da muhimmanci yakan nemi aikin da kalandarsa ta dace da hunturu. Akwai manoma da magina a ƙauyukan can da ke aikinsu da bazara, idan ƙanƙara ta sauko su koma koyar da baƙi zamiya ko kula da na'urorin da ke hawa da mutane kan tsauni.

Mu ba mu da ƙanƙara, amma kakanninmu sun riga su wannan dabara. Bahaushe ya raba shekararsa gida-gida: damina ta gona ce, kaka ta girbi da bukukuwa da dambe da kokawa, rani kuma na sana'ar hannu, fatauci, farauta da cin rani. Mahauta sun yi suna a dambe ne saboda sana'arsu tana ba su damar bin garuruwa bayan an cire amfanin gona. Maƙeri da masaƙi da majemi duk suna ajiye kayan aiki idan ruwan shuka ya sauka. Sana'a a wancan lokaci tana tafiya ne da shekara, tana barin fili ga gona, ga karatun zaure, ga doki, ga zumunci.

Yau fa? Abin da ya fi jan matasan yammacin Zamfara shi ne ramin zinare. Babu mai musun cewa ana samun kuɗi a cikinsa, wani lokaci a rana ɗaya mutum ya samu abin da malamin firamare ba ya samu a wata. Amma haƙar zinare ba ta san damina ba, ba ta san Sallah ba. Wanda ya ji labarin an ci sa'a a ramin kusa da shi ba zai iya tafiya gida shuka ba. Kuma mun ga farashin da aka biya: a shekarar 2010 ne aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, Bagega da 'Yargalma, inda yara aƙalla 400 suka rasu saboda ana niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. A Afrilun 2019 Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a jihar baki ɗaya, ba ta ɗage haramcin ba sai a Disambar 2024. Sana'ar da sanarwa ɗaya daga Abuja za ta iya mayar da ita laifi na fiye da shekara biyar, kuma wadda ke cin huhu da baya tun mutum bai kai arba'in ba, da wuya a gina rayuwar shekara talatin a kanta.

To, waɗanne ayyuka ne ke barin lokaci? Mu fara da koyarwa. Dogon hutun makarantu yakan faɗo daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, daidai tsakiyar damina, lokacin maimai da zuba taki. Malami yakan tashi aiki da rana, yammacinsa nasa ne. Kwalejin Ilimi ta Maru da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gusau ba su yi wa ɗan Anka ko Bukkuyum nisa ba. Albashin ba shi da yawa, kowa ya sani, amma malamin da ke da buhunan gero da dawa a rumbu ya fi ƙarfin ƙarshen wata.

Sai aikin lafiya. Ma'aikacin jinya ko na lafiya a matakin farko yana aiki ne bi-da-bi, ya yi kwanakin dare ya samu kwanakin hutu a jere. Asibitocin karkara kullum suna kukan ƙarancin ma'aikata, musamman mata. Sai sana'o'in hannu na zamani: haɗa sola, gyaran waya, gyaran injin ban-ruwa, walda. Mai irin wannan sana'a shi ne shugaban kansa, kuma kasuwarsa ta fi ci bayan kaka, lokacin da kuɗi ke hannun manoma.

Akwai wani abu da yawancin matasa ba su sani ba. Kundin Tsarin Mulki na 1999, a ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwancin kansa, amma ya ware noma a fili ya ce wannan an yarda. Ke nan wanda ya haɗa aikin gwamnati da gona yana kan doka, wanda ya haɗa shi da kwangila ko shago kuwa yana iya samun kansa gaban kotun ɗa'ar ma'aikata.

Wani zai ce wannan magana ce ta ƙosassu. A yankin da 'yan bindiga suka hana noma a wurare da dama, suke ɗora wa ƙauyuka haraji, mutane suka cika Anka suna gudun hijira, wa ke da zaɓi? Gaskiya ne, mai jin yunwa ba ya zaɓen tuwo. Wanda dole ta sa ya shiga rami ko ya hau kabu-kabu a Legas, babu mai zargin sa. Amma akwai bambanci tsakanin aikin da ka riƙe don ka tsallake wannan shekara da wanda za ka ba ƙuruciyarka baki ɗaya. Kuɗin rami na wata shida zai iya biyan kuɗin makarantar koyon aikin lafiya ko ya sayi kayan sola. Matsalar ita ce yawanci yakan ƙare a babur da sabuwar waya.

Wani kuma zai ce taura biyu ba ta taunuwa, wanda ya raba hankalinsa ba zai yi fice ba. Amsar ita ce a bai wa kowane abu lokacinsa. Malamin da ke guje wa aji ya tafi gona ranar Talata ya ci amanar yara, kuma irinsa ne suka ɓata wa wannan tsari suna. Wanda ya zaɓi aikin da hutunsa ya dace da gonarsa ba ya bukatar satar lokacin kowa.

Yawancin aikin gwamnati shekara 35 ne, ko mutum ya kai 60. Ƙarfin kokawa da ƙwallo da sukuwar doki ba ya jira har ranar ritaya, haka ma iyaye da ke bukatar ɗansu kusa, haka ma 'ya'yan da ke girma ba su san fuskar ubansu ba sai a waya. Don haka kafin ka cike fom, ko ka bi abokai daji, je ka sami wanda ya yi shekara ashirin a wannan aikin. Tambaye shi damina nawa ya yi a gida, Sallah nawa ya yi da iyalinsa, kuma yaya lafiyar jikinsa take. Iyaye da malamai ma su riƙa yi wa yara wannan tambaya tare da ta albashi. Allah Ya zaunar da yankinmu lafiya, Ya ba matasanmu sana'a mai albarka.