Fuskar Jaririnki Ba Allon Talla Ba Ce

Masu shirya tallan abinci sun san abin da suke nema: uwa matashiya mai fara'a, uba mai tsabtar riga, da yaro ɗan shekara ɗaya zuwa uku mai kumatu, wanda zai buɗe baki a sa masa cokali ya yi dariya. Yanzu da wayar salula ta shiga kowane lungu, irin wannan cigiya tana iya isa Tasawa da Mayahi kamar yadda take isa Yamai da Kano. Ni ra'ayina a fili yake: kada mu miƙa 'ya'yanmu ido rufe.

Mu mutanen jihar Maraɗi ba baƙin kyamara ba ne. A yunwar 2005, hotunan yaranmu masu tamowa sun zagaya duniya, daga talabijin na Faransa zuwa jaridun Ingila da Amurka. Taimako ya zo, an ceci rayuka, ba na musun wannan. Amma uwaye nawa aka zaunar aka yi wa bayanin inda hoton zai je? Jiya ramammen yaro aka nema don a tara kuɗi, yau ƙosasshe ake nema don a sayar da kaya. A duka biyun, yaron ba ya da bakin cewa a'a.

Matsalar ba ta tsaya ga yaron da aka ɗauka ba. Ta fi shafar uwar da ke kallo a ƙauye. Ta ga jariri ɓul-ɓul yana shan abin gwangwani, sai ta dubi nata ta ce nononta ne bai isa ba, kunun geronta ne abin kunya. Ba ta san cewa an tace yara da yawa kafin a zaɓi wannan ba, kuma ƙibarsa daga gidansu ya zo da ita, ba daga gwangwanin ba. Sai ta sayar da tiyar wake ta sayi garin madara, ta tsinka shi da ruwa don ya kai mako, ruwan kuma na rijiya ne da ba a tafasa ba. Ƙarshenta zawo, daga zawo sai tamowa, daga nan sai gadon likita.

Ba ni na ƙirƙiro wannan tsoro ba. Saboda irinsa ne babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙa'ida a 1981 wadda ta hana tallata madarar da ke maye gurbin nonon uwa ga jama'a, ta kuma hana sanya hoton jarirai a jikin gwangwaninta. Shawarar hukumar ita ce nono zalla wata shida, sannan a haɗa da abinci a ci gaba da shayarwa har shekara biyu ko fiye. Shekara biyun nan Alƙur'ani ya riga ya ambace ta.

Wani zai ce, "Malam, talauci ake ciki, in an ba uwa jaka goma ina laifi?" Na ji. Amma jaka goma kwana nawa za ta yi? Hoton kuwa zai shekara a kan allo da Facebook, kamfani yana cin riba, ba wanda zai iya goge shi. An ba ka kashi an tafi da tsoka. Wani kuma zai ce ai ba kowane abinci ne mai cutarwa ba. Gaskiya ne. In garin kunu ne na gero da wake da gyaɗa da matanmu ke sarrafawa, ni ma zan so a tallata shi. To ko a nan ɗin, a yi shi da sharaɗi.

Kafin ku yarda, iyaye, ku tambaya: wane abinci ne, kuma na yaro ɗan wata nawa? Ina za a nuna hoton, har zuwa yaushe? Nawa za a biya, kuma a rubuce? A karanta muku takardar da Hausa, a gaban shaida, kafin ku dangwala yatsa. Kada a raba yaro da uwarsa, kada a hana shi barci ko a bar shi da yunwa don ya ci da zumuɗi a gaban kyamara. In madarar jarirai ce, amsa ɗaya ce: a'a.

Ku kuma malaman lakwal, musamman masu azuzuwan ƙananan yara, amana aka ba ku. Kada ku buɗe wa kowa ƙofar aji ya zo zaɓen "masu kyau" ba da izinin iyaye ba. Yaron da aka tsallake don shi siriri ne ko tufafinsa sun tsufa ya ɗauki darasin da ba ya cikin littafi, kuma zai daɗe bai manta ba.

Nijar ta sa hannu a yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1990. Sai dai takarda ba ta tsaron zaure. Mu ne a bakin ƙofa.