Gargaɗi A Kan Shaɗaranji Na Gaggawa

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Bayan haka, ya ku malamai da fatake, kowa ya sani mutanen Dandin Mahe da Bodinga da Shagari sun gaji dara tun kaka da kakanni. Gurbi 30 ake haƙawa a ƙasa, kowa ya ɗauki 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin wasansa. Dattijo kan daɗe yana duba kafin ya ɗaga hannu.

To, ga wani wasa ya shigo hannun samari ta wayar salula, shi ne shaɗaranji, wanda Turawa ke kira ces. Gidajensa 64, 'ya'yansa 16 kowane gefe. Akwai irinsa na gaggawa, wanda a gasar duniya ake ba mutum minti 3, da ƙarin daƙiƙa 2 a kowane motsi. Wanda lokacinsa ya ƙare ya faɗi, ko da shi ke da rinjaye. Yara sun yi suna cikin shaɗaranji ƙwarai. A 2019 Tanitoluwa Adewumi, ɗan Nijeriya mai shekara 8, ya ci gasar tsararsa ta jihar New York a Amurka. A 2024 Gukesh, mutumin Hindu, ya zama zakaran duniya yana da shekara 18.

Hukuncinsa ba ɓoyayye ba ne. Imamu Malik ya ƙi shi, Risala ta Ibnu Abi Zaidin ta hana shi. Shafi'iyya sun tafi a kan karhanci, matuƙar babu caca, ba a kuma tozarta salla ba. Mutanen ƙasar nan kuwa Malikawa ne.

Amma mai hankali ya lura da abu guda. Saurin yaran nan ba a filin wasa suka same shi ba, shekaru suka yi suna haddace hanyoyinsa. Haka alaramma, in an ja masa baki sai ya zarce nan take, domin ya sha tilawa da dare. Almajirin da ya ga saurin bai ga wahalar ba, ya bar allonsa ya rungumi waya, ya yi biyu babu. Minti 3 kaɗan ne, amma wasa ɗaya yana kiran ɗan'uwansa har la'asar ta wuce.

Saboda haka uban da ya sayi waya ya san abin da ɗansa ke yi da ita. Malami kuma ya karantar da hukunci da dalilinsa kafin ya ɗauki bulala. Ƙwaƙwalwar da ta iya riƙe gida 64 tana iya riƙe izu 60.

Allah shi shirya zuriya, amin. Wassalamu.