Kunnen Jirgin Ruwa Da Hankalin Mai Riƙe Da Shi

Akwai wata na'ura a jiragen teku da ake kira sona, wadda labarinta ya isa ya zama darasi ga duk mai shirin riƙe kayan aikin jama'a.

Ido ba ya gani da nisa a cikin ruwa, amma sauti yana tafiya wajen mita 1,500 a daƙiƙa guda. Saboda haka sona takan aika ƙara cikin ruwa ta saurari amsa-kuwwa. In amsar ta komo bayan daƙiƙa biyu, to abin da ƙarar ta buga yana nesa da mita 1,500, ko dutse ne, ko garken kifi, ko jirgin yaƙi mai nutso.

A jiragen kamun kifi da na bincike da yawa, kan na'urar yana bisa wani sandan ƙarfe da ake zurawa ta bututun da aka huda a gindin jirgi. Akan saukar da shi don ya nisanci kumfa da hayaniyar jirgin, in an gama a janye shi ciki. A nan haɗarin yake, domin ƙofa ce aka buɗe wa teku. Masu ƙera na'urar sukan ƙayyade gudun da jirgi ba zai wuce ba muddin kan yana waje. Matuƙin da ya manta ya shiga ruwa marar zurfi, ko ya bar taru ya naɗe sandan, yana iya lanƙwasa shi ya ƙi komawa, har ruwa ya sami hanyar shiga. Rigakafin kuwa ba shi da tsada: a dubi fitilar da ke nuna inda kan yake, a janye shi kafin shiga tasha, kada kuma a kunna na'urar alhali jirgi yana kan tudu ana gyara.

Haɗari na biyu ya shafi waɗanda ke cikin ruwan. A watan Nuwamba na 2023 gwamnatin Ostareliya ta ce masu nutso na jirgin yaƙinta Toowoomba sun ji rauni suna kwance taru daga farfelar jirgin kusa da Japan, sa'ad da wani jirgin yaƙin Sin ya kunna sonarsa. Sin ta musanta. Ko ma wane ne mai gaskiya, ƙa'idar ma'aikatan teku a fili take: in mutum yana ƙarƙashin ruwa, a kashe sona. Haka kuma a 2002 manyan dabbobin teku da ake kira wel guda 14 suka faɗo gaɓar tsibiran Kanari lokacin atisayen sojojin ruwa, har Sifen ta hana amfani da irin wannan sona ta soja a wurin a 2004.

Wani zai ce jiragen zamani suna da ƙararrawar gargaɗi, wasu ma suna janye kan da kansu. Gaskiya ne, amma ƙararrawa ba ta amfanar wanda bai san abin da take faɗa ba, ba ta kuma san akwai mai nutso a ƙasa ba sai mutum ya kula.

A ganina, ilmin na'ura bai cika ba sai an san lokacin janye ta da lokacin kashe ta. Gobe wasunmu ne za su sa hannu a takardun sayen irin waɗannan kaya. Ina roƙonku, duk takardar da ta zo da kuɗin na'ura ba ta zo da kuɗin horon ma'aikata da na gyara ba, ku mayar da ita. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya sa mu gane.