Kwalbar Han Li da Marubutanmu

A 'yan shekarun nan wata sabuwar ɗabi'a ta shigo ɗakunan kwanan ɗalibai, har takan bi mu gida lokacin hutu, daga Achida zuwa Rabah da Goronyo, wato karanta dogayen labaran jarumtaka na ƙasar Sin a wayar hannu, cikin fassarar Turanci. Manya suna ganin ɓata lokaci ne kurum. Mu kuwa muna ganin sai an auna kaya kafin a yanka masa kuɗi. To, bari mu ɗauki guda ɗaya, Fanren Xiuxian Zhuan, labarin talakan da ya fita neman rai marar yankewa, wanda Wang Yu ya riƙa fitarwa babi-babi a shafin Qidian daga 2008 zuwa 2013.

Abin da ya fara kama mu shi ne jarumin. Han Li ba ɗan sarki ba ne, ɗan manomi ne daga ƙauye, ba shi da kyan gani, ba shi da wata baiwa ta a zo a gani. Malaminsa na farko, Likita Mo, ya rene shi ne don ya ƙwace gangar jikinsa. Dukiyarsa kaf wata 'yar koriyar kwalba ce da ya tsinta, wadda ruwanta ke sa tsiron magani ya yi girman shekaru cikin 'yan kwanaki. Duk wanda ya taɓa dasa albasa ko tafarnuwa a fadamar Wurno, ya zauna yana ƙirga watanni, ya san darajar irin wannan kwalba. Kuma ko da ita, hawan Han Li mataki-mataki ne, tamkar yadda almajiri ke tashi daga babbaƙu zuwa farfaru kafin ya yi mafarkin sauka. In ya ga wanda ya fi ƙarfinsa, sai ya ari ta kare ba kunya. Gandoki na Bello Kagara ba zai yi haka ba, amma a ganinmu Han Li ya fi kama da mutum.

Sai dai tsawon ya wuce hankali. Babi sama da 2,400! Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne: tun 2003 Qidian ke sayar da labari babi-babi, saboda haka abincin marubuci yana cikin tsawaitawa. Ga gwanjon kayan tsafi, ga kogon dukiya, ga abokin gaba, a kashe shi, a hau mataki, a sake komawa gwanjo. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, shi ma tafiyar neman abin al'ajabi ce, amma ana karance shi a zama ɗaya, kuma har yau ba wanda ya manta Malam Zurƙe.

Aibin da ya fi damunmu ba tsawo ba ne. A duniyar littafin nan mai ƙarfi shi ke da gaskiya. A kashe mutum a kwashe jakarsa abu ne na yau da kullum, jarumin ma yana yi, kuma ba alƙalin da za a kai wa ƙara. Mai karatu a wata ƙasa yana iya ɗaukar wannan nishaɗi. Mu da aka kai wa kasuwarmu ta Goronyo hari a watan Oktoba na 2021, mun san yadda wannan doka take in ta sauko daga takarda, kuma ba ma tafa mata.

Muna jawo hankalin 'yan'uwanmu masu rubuta littattafan yaƙi, musamman masu sayarwa shafi-shafi ta WhatsApp, domin tarkon tsawaitawa yana gabansu su ma. Abin koyi a wurin Wang Yu shi ne ya gina labarinsa da tubalin gida, wato addinin Tao da ilimin tsirrai na kakanninsa. Namu kuwa sau da yawa sai sun kai jarumi Misra ko Farisa kafin ya zare takobi, alhali ga Wurno nan, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello inda aka binne shi a 1837, ga kogin Rima, ga labaran masunta da maharba da tsofaffi ke bayarwa a Achida ba ko kwabo.