Noma babu guba: kasuwa ta buɗe, saura takarda

A ƙasashen Turai da Amurka, masu saye da yawa suna ƙyamar abincin da aka noma da takin zamani da maganin ƙwari. Suna neman na takin gargajiya zalla, suna kuma biyan shi da tsada. A shekarar 2022, cinikin irin wannan abinci ya kai kusan yuro miliyar 135, gonakinsa kuwa sun kai hekta miliyan 96 a duniya. Manoman Togo sun shiga wannan kasuwa da waken soya, na Uganda da kofi.

Manomin Tsibiri ba baƙo ba ne ga wannan noma. Tun kaka da kakanni garken Fulani ke sauka gonarsa bayan girbi, gawo kuma na zuba mata taki. Daga 1983 sassaben zamani ya mai da itatuwa cikin gonakin jihar Maraɗi. Masana na INRAN a Tarna sun taimaka wajen yaɗa buhu mai ninki uku, wanda ke tsare wake ba tare da magani ba.

To, amma mai saye na Turai ba ya karɓar rantsuwa, sai takardar shaida. Dole gona ta yi shekara biyu ba ta ga takin zamani ko guba ba, a rubuta duk abin da aka zuba mata, masu bincike su zo kowace shekara, a biya su. Sakaci kuwa yana da tsada: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar waken Nijeriya saboda guba ta yi masa yawa.

Ba a ce kowa ya watsar da takin zamani ba, domin ƙasa ta gaji, rumbu kuma shi ne gaba da kasuwa. Amma riɗi da aya da zogala sun cancanci a keɓe musu gonaki. Ya kamata ƙungiyoyin manoma na Tsibiri da Jiratawa su nemi takarda guda da sunan kowa, su raba kuɗinta. Waɗanda suka gama yaƙi da jahilci su riƙe littafin gonaki, ma'aikatan gona su tsaya musu wajen neman masu saye. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.