Zazzaɓin Tsoho Idan Ya Ƙi Sauka

Ina roƙon Malam Edita ya ba ni ɗan fili a shafinmu na Hausa, in yi magana da 'yan'uwana ɗalibai a kan wani al'amari wanda ba ya cikin darussanmu, amma lalle zai tarar da mu a ƙauyukan da za a tura mu koyarwa. Watau zancen tsohon da zazzaɓi ya kama, ya yi mako biyu, ya yi uku, har ya shiga wata ba a gane kansa ba.

A wajenmu Assakio, can kan hanyar Lafiya zuwa Shendam, ga yadda akan yi. Tsoho ya kwanta da zafin jiki, sai a aiki yaro kemis ya sayo maganin zazzaɓin sauro. Ya sha bai sauka ba, sai a sake wani iri. Bayan mako guda a ɗebi jini a ce taifot ne, a hau allura. Idan ita ma ta ƙi, to, sai gida ya rabu biyu, waɗansu su ce tsufa ne, kwana ya ƙare, waɗansu su ce jifa aka yi masa saboda rikicin gona. Kafin nan kuɗin doya da na shinkafa sun tafi. Ni dai a ganina, cikin wannan wahala duka ba inda aka tsaya aka binciki ainihin ciwon. Tsufa kuwa shi kaɗai ba ya kawo zazzaɓi. Yakan kawo furfura da ciwon gwiwa, amma in jiki ya yi zafi, akwai abin da yake ci a ciki.

Ba na musun sauro, gama duk wanda ya kwana kusa da fadamar shinkafa da damina ya san shi. Amma tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a riƙa gwada jini kafin a ba da maganinsa. Maganin kirki kuwa na kwana 3 ne. Idan an sha shi daidai zazzaɓi bai sauka ba, ai hankali ya isa ya gaya wa mutum a duba wani wuri. Har wa yau, wanda ya tsufa a ƙasar sauro yakan zauna da ƙwayar cutar a jininsa ba ta dame shi ba, saboda haka ganinta a gwaji bai hana wani ciwo dabam ya ɓoye a bayanta ba. Gwajin taifot da aka fi yi mana, wanda likitan Faransa Widal ya fito da shi a 1896, shi ma gwaji ɗaya nasa ba hujja ba ce, gama yakan nuna alama a jinin mai zazzaɓin sauro, ko wanda ya taɓa yin taifot ya warke tuntuni.

Kada mu ɗauka mu kaɗai abin yake rikitawa. A 1961 waɗansu likitoci biyu a Amurka, Petersdorf da Beeson, suka bi labarin majinyata 100 waɗanda zafin jikinsu yake wuce digiri 38.3 a kai a kai, fiye da mako 3, aka kuma yi mako guda ana bincike a asibiti ba a gane ba. Da aka bi diddigi, ashe yawancinsu ba wata baƙuwar cuta ke damunsu ba. Cututtukan da aka sani ne suka zo da wata kama. Fiye da sulusinsu ƙwayoyin cuta ne, a cikinsu kuwa tarin fuka yana gaba.

A nan nake so in daɗe, gama Nijeriya tana cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya. Sunan da muka ba shi ma yana ruɗinmu, domin muna jiran mu ji tari da aman jini. A jikin tsoho sau da yawa ba haka yake zuwa ba. Sai dai zazzaɓi mara ƙarfi da yamma, da zufa cikin dare har zane ya jiƙe, da ƙin abinci, da rama a hankali har wando ya riƙa zamewa. Wani lokaci ba a huhu yake ba sam, yana cikin kaluluwar wuya, ko ciki, ko ƙashin baya. Na san wata tsohuwa a unguwarmu da ta yi wata biyu tana kukan baya da zafin jiki, kowa yana cewa ɗaukar itace ne na shekara da shekaru. Sai da jikanta ya matsa aka kai ta Lafiya aka ɗauki hoto, aka ga tarin fuka ne ya ci ƙashin. Yau tana zuwa kasuwa da sanda. Da an ƙara jinkiri, da ƙafafun sun mutu. Yanzu akwai na'urar GeneXpert wadda take gano cutar cikin majina a kamar awa 2, maganin kuwa kyauta ne a asibitocin gwamnati, wata 6 ga na huhu, na ƙashi ya fi haka daɗewa. Ga kuma wani dalili da ya shafe mu kai tsaye: kaka ita ke kwana ɗaki ɗaya da jikoki, jikokin nan kuwa su ne za su zauna gabanmu a aji.

Sauran dalilan suna da dama. Akwai ruwan mugunya da kan taru a ɓoye cikin hanta ko ƙoda. Akwai tsohon da fitsari ba ya fita masa sosai, har mafitsara ta kamu. Akwai bakkale, ciwon da ke sa shanu ɓari, wanda yake kama mutum ta madarar da ba a tafasa ba ko ta taɓa mahaifar dabba, zazzaɓinsa ya tafi ya dawo wata da watanni. Akwai sankarar jini da ta hanta. Akwai ƙanjamau, wanda kunya takan hana a gwada dattijo, sai ka ce cuta tana duban furfura. Wani ma maganin da ake ta ɗura masa ne yake ta da zafin.

Amma kada wani ya karanta wannan ya ce zai zauna ya ƙirga mako 3 kafin ya motsa. Wannan lissafin likitoci ne na sa wa ciwo suna. Akwai zazzaɓin da ba ya ba da wannan lokaci, shi ne na Lassa. An fara gane shi a 1969, sa'ad da ya kama wata ma'aikaciyar jinya ta mishan, Laura Wine, a garin Lassa, cikin jihar Borno ta yanzu, aka kawo ta Jos ta rasu. A 1970 ya kashe Likita Jeanette Troup wadda ta yi jinyar masu shi a can Jos ɗin. Jiharmu ta Nasarawa tana cikin waɗanda yake ɓulla, ya fi yawa da rani. Ɓera ke kawo shi ta fitsari da kashi a kan abinci, mu kuwa ga rogo da hatsi muna shanyawa a bakin hanya. Farkonsa ba shi da bambanci da na sauro. Idan da rani ne, magani ya ƙi ci, ga ciwon maƙogwaro da amai, sai a tafi asibiti ran nan, mai jinya kuma ya kiyayi jini da fitsarin majinyaci.

Wani zai ce, to Malam, mu malaman makaranta ne, ina ruwanmu da aikin likita? Gaskiya ne, ba na cewa mu riƙe allura, Allah ya sawwaƙe. Amma a ƙauye wa ake kawo wa takardar magani ya karanta in ba malami ba? Abin da likita ya fi bukata, kuma ya fi rasawa, shi ne labarin ciwo daki daki, tsoho kuwa in an tambaye shi yaushe ya fara sai ya ce tun girbin riɗi. Wannan aikin mai alƙalami ne. Ma'aunin zafin jiki ba shi da tsada, tafin hannu kuma ba ma'auni ba ne, balle ga tsoho wanda jikinsa ba ya ɗaukar zafi kamar na yaro. Wani ciwonsa ya yi nisa amma goshi da ɗan ɗumi kawai, sai dai a ga ya rikice, yana kiran matattu, a ce ruɗewar tsufa ce.

A sami littafi ɗaya irin na 'yan aji. A auna safe da yamma a rubuta, da ranar da ciwo ya fara, da ko yana zufar dare, da ko akwai mai tari a gidan, da ko yana kiwo ko shan ɗanyar madara. Ranar tafiya asibiti a haɗa da kwalayen magungunan da ya sha duka, har da na gargajiya a faɗa, kada a ɓoye don tsoron faɗan likita. Idan an isa, mai rakiya ya buɗe baki ya roƙa a gwada majina a kuma ɗauki hoton ƙirji, ko da tsohon ba ya tari.