ƊAN TALAKA DA ƊAKIN BINCIKE

Jama'a, a wannan mako muna so mu jawo hankalinku ga wani al'amari wanda yawancinmu ke tsammani ba namu ba ne, watau aikin binciken kimiyya da karatun digirin dakta. Mai awon wake a kasuwar Dawanau zai ce ina ruwansa. To, da ruwansa ƙwarai.

Dattawa ba su manta da shekarar 1975 ba, sa'ad da wata cuta ta cinye gonakin gyaɗa a Arewa. Masanan cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, suna cikin waɗanda suka fito da irin gyaɗa mai jure wannan cuta. A 1924 aka kafa ma'aikatar Vom, inda ake haɗa allurar rigakafin dabbobi. A 2019 kuma Samaru ta fito da irin wake mai jure tsutsar da ke huda kwanso. Ashe buhun da kuke sayarwa da san da kuke dillanci duk sun bi ta hannun masu bincike.

Yaya mutum ke zama mai bincike? Bayan digiri na ɗaya da na biyu, sai ya ɗauki tambaya guda wadda ba a taɓa amsawa ba, ya yi shekara uku ko huɗu yana gwaji a ƙarƙashin wani shehun malami, sa'an nan masana daga waje su tuhume shi a kan abin da ya gano. A Holan da Suwidin ana lissafa wannan a matsayin aiki, ana biyan ɗalibi albashi kowane wata. A nan kuwa sau da yawa ɗalibi ne ke biyan kuɗin makaranta, har ya sayi kayan gwaji daga aljihunsa. Asusun TETFund, wanda aka kafa da dokar 2011, malaman da suka riga suka sami aiki yake ɗaukar nauyin karatunsu. Wanda ba shi da aiki fa? Ga yajin aikin 2022 ya rufe jami'o'in gwamnati wata takwas. Ɗan mai hali ya iya jira, amma ɗan mai tebur tilas ya koma kasuwa.

Saboda haka muna neman abu uku. Na ɗaya, kowane gurbin bincike a sanar da shi a fili, har da Hausa a rediyo. Na biyu, a ɗauki mutum bisa ga ƙoƙarinsa, a kuma buga sunayen waɗanda aka ɗauka kowa ya gani. Na uku, a yanka wa mai karatun dakta alawus na wata-wata wanda zai ci da shi.

Ku kuma iyaye, in kuna da yaro ko yarinya mai kan lissafi, kada ku ce ya tsaya haka. Ya nemi sikolashif na Kwamanwel, da na DAAD ta Jamus, da na PTDF, ya kuma leƙa cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa ta Jami'ar Bayero. Duk dillalin da ya ce a ba shi kuɗi ya samo gurbi, ku guje shi.

Da harajinku aka gina ɗakunan binciken nan. 'Ya'yanku suna da hakkin shiga.